Yadda Malami Zai Koyar da Lissafi da Alamomin Hanya a Jos

Yaron da ya taso daga Unguwar Rogo ko Gangare ya nufi makaranta, kafin ya kai ƙofar aji ya riga ya wuce lambobi da siffofi barkatai: da'ira mai jan baki da 50 a cikinta, alwatika mai hoton yara suna tsallaka titi, lambar bayan keke, allon da ke nuna hanyar Bauchi. Ya san su, tunda kullum da su yake cin karo. Amma da zarar malam ya rubuta "kilomita 50 a awa ɗaya" a allo ya ce a lissafa, sai aji ya yi tsit. Matsalar ita ce lambar ba ta da jiki a wurin yaron. Bai taɓa taka ta da ƙafarsa ba, bai taɓa auna ta da igiya ba.

Abin da ke biye hanya ce ta ba waɗannan lambobi jiki, tun daga firamare har babbar sakandare, da kayan da ba su wuce kwali, igiya, alli da wayar hannu ba. Ba sai ka yi duka a zango ɗaya ba. Malam ko malama, ɗauki abin da ya dace da ajinka ka bar saura.

Matakin farko: tattaro alamomin da kanka

Kada ka kwashi yara ka kai su bakin titi. Wannan ba abin tattaunawa ba ne. Yara sittin a gefen titin Bauchi da hantsi, ga manyan motoci ga kekuna, babu darasin da ya kai wannan kasada. Kai ne za ka fita, ranar Asabar ko bayan an tashi, ka bi ta Terminus, titin Ahmadu Bello, titin Murtala Mohammed, Farin Gada, ko ka miƙa titin Yakubu Gowon zuwa Bukuru, kana ɗaukar hoto da waya. Ɗauki kowace alama ta gaba sosai, domin in ka ɗauka a karkace da'ira za ta fito kamar ƙwai, awon da za a yi daga baya ya lalace. Ka kuma rubuta inda ka ga kowacce. Yaro ya fi kama tambayar da aka ce "alamar da ke kusa da kasuwar Katako" a kan wadda aka ce "wata alama". Ka guji ɗaga waya kusa da shingen jami'an tsaro ko barikinsu. Mutumin Jos ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani kan wannan.

Za ka tarar wasu alamomin sun koɗe, wasu fastocin 'yan siyasa sun rufe su, wasu kuma sandar kawai ta rage. Ka cike giɓin da littafin dokokin hanya na Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wato FRSC, wadda aka kafa a 1988. Akwai hotunan alamomin a ciki da ma'anarsu. Hukumar tana da tsarin kafa ƙungiyoyin kiyaye haɗurra a makarantu, saboda haka in shugaban makaranta ya rubuta musu takarda, neman jami'i ya zo ya yi wa yara bayani ba baƙon abu ba ne a wurinsu.

Su kuma yaran, aikin gidansu na farko shi ne kowa ya zana alama uku da yake gani a hanyarsa, daga inda ya saba bi, ba tare da ya tsaya a titi ba. Washegari za ka ga abin mamaki. Wani zai zana alamar STOP da gefe shida, wani da gefe biyar, wani ya rantse da'ira ce. Kada ka gyara musu tukuna. Wannan gardamar ita ce ƙofar darasin.

Mataki na biyu: rarrabewa da ƙirga

Zana alamomin a ƙananan kwalaye, ko ka buga hotunan in da hali, ka ba kowane rukuni kamar guda ashirin ka ce su kasa su yadda suka ga dama. Wasu za su bi launi, wasu siffa. Bayan sun gama sai ka tambaye su ko siffar tana da alaƙa da abin da alamar ke faɗa. Da ɗan taimako za su gano da kansu: da'ira mai jan baki hani ce, shuɗiyar da'ira umarni ce, alwatika mai jan baki gargaɗi ce, mai kusurwa huɗu kuma bayani take bayarwa, kamar inda asibiti yake ko nisan gari. Biyu ne suka fita daban: STOP mai gefe takwas, da alwatikar da ke tsaye a kan tsininta, wadda ke cewa ka ba wasu hanya. Ba ado ya sa aka ware su ba. An yi haka ne don direba ya gane su ko ta baya ya hango, ko da ƙurar hunturu ta rufe rubutun. Yawancin wannan tsari ya yi daidai da yarjejeniyar da ƙasashe suka ƙulla a birnin Biyana a 1968, shi ya sa direban da ya tsallaka Nijar ko Kamaru ba ya ruɗewa da siffofin.

'Yan aji ɗaya zuwa uku na firamare su tsaya a ƙirga: alwatika nawa, da'ira nawa, wanne ya fi yawa, da nawa ya fi. 'Yan aji huɗu zuwa shida su mayar da ƙirgar zuwa zanen sanduna, su kuma faɗi kason kowacce. In alwatika 5 ce cikin 20, rubu'i ke nan, wato kashi 25 cikin ɗari. 'Yan sakandare su zana manyan da'irori biyu masu shiga juna a ƙasa da alli, ɗaya ta alamomi masu ja, ɗaya ta masu siffar da'ira, su ajiye kowane kwali inda ya dace. Shuɗin allo mai kusurwa huɗu ba shi da gurbi a cikin ko ɗaya, dole ya zauna a waje, kuma a nan ne yara kan fara fahimtar cewa abin da ke waje ma yana cikin lissafi.

Mataki na uku: a ƙera alamar STOP

Wannan darasi na fi so a ɓata wa lokaci, domin kusan rabin ilimin siffofi na ƙaramar sakandare yana cikinsa. A nemo kwalayen taliya ko na sabulu daga masu shaguna, a yanka su murabba'i mai santimita 30 kowane gefe. Ka ce wa yara su yanke kusurwoyi huɗun su fitar da siffa mai gefe takwas, dukkan gefunan tsawonsu ɗaya. Kada ka ƙara komai.

Kusan kowane rukuni zai raba gefen gida uku, 10, 10, 10, ya yanke. Siffar za ta yi kyau a ido. Sai ka miƙa musu rula. Gefunan da ke miƙe santimita 10 ne, amma waɗanda aka yanka a karkace sun haura 14. Za ka ji wani ya ce, "Malam, ai goma-goma muka auna!" Gaskiyarsa, sai dai gefen da ke fuskantar kusurwar digiri 90 kullum ya fi sauran biyun tsawo. Ga ƙa'idar Pitagoras ta shigo da ƙafarta: 10 sau 10 a tara da 10 sau 10 ya ba da 200, lambar da za a ninka da kanta ta ba da 200 kuwa ita ce kusan 14.1. Bar su su yi ta gwaji: a yanke 9, a yanke 8, a auna. A ƙarshe za su kusanci amsar, wato a auna santimita 8.8 daga kowace kusurwa, sai tsakiya ta rage 12.4, gefen karkace shi ma ya fito 12.4. 'Yan babbar sakandare su nemo wannan da aljabara maimakon gwaji.

Akwai hanya ta biyu da ta fi sauƙi ga 'yan firamare. A kafa ƙusa a tsakiyar kwali, a ɗaura zare mai tsawon santimita 15 da fensir a bakinsa, a zana da'ira. A raba 360 gida takwas, ya ba da 45. A sa alama a bakin da'irar bayan kowace digiri 45, a haɗa ɗigon da rula. Inda babu ma'aunin kusurwa, a yanko da'irar takarda a ninke ta sau uku, layukan ninkin za su ba da wuraren takwas.

Da siffar ta samu, sai tambayoyi su biyo. Kewayenta: 8 sau 12.4, santimita 99.2. Faɗin filinta: murabba'in yana da 900, ƙananan alwatika huɗun da aka zubar kowacce tana da rabin 8.8 sau 8.8, jimlarsu kusan 155, saura 745. Ka sa su tsinto guntayen daga ƙasa su haɗa bibbiyu, su ga sun zama ƙananan murabba'ai biyu. Kusurwoyin ciki: daga tsini ɗaya a ja layi zuwa sauran, za a samu alwatika shida, 6 sau 180 ya ba da 1,080, a raba takwas, kowace kusurwa digiri 135. Yaron da ya ja layukan nan da hannunsa ba zai yi ta kokawar haddace ƙa'idar "a cire biyu daga yawan gefuna" ba, domin ya ga inda biyun suka tafi.

Sai layukan ninkewa, wato inda za a ninke siffa rabi ya hau kan rabi daidai. Kwalin da ba a yi wa rubutu ba yana da takwas. Da an rubuta STOP a kai, ko ɗaya babu. Alamar hana shiga, jar da'ira mai farin layi a kwance, tana da biyu. Alamar shataletale mai kibau uku ba ta ninkuwa ko ta ina, amma in ka juya ta da digiri 120 sai ta koma yadda take. Yara kan yi musu sosai a kan wannan, kuma musun yana da amfani.

Mataki na huɗu: a fitar da 50 ɗin nan filin makaranta

Littafin dokokin hanya ya ƙayyade wa motar gida kilomita 50 a awa cikin gari, 80 a babbar hanya, 100 a babban titi mai hannu biyu. Tasi da bas 50, 80 da 90. Tanka da tirela 45, 50 da 60. Rubuta waɗannan a allo, ka tambaya: motar da ke gudun 50, mita nawa take ci kafin ka ce "ɗaya"? Karɓi hasashensu ka rubuta. Yawanci za su ce biyu, uku, mai ƙarfin hali ya ce biyar.

Sai a lissafa tare. Kilomita 50 mita 50,000 ne. Awa ɗaya minti 60 ce, kowane minti daƙiƙa 60, jimla 3,600. A raba, ya ba da 13.9, a ce mita 14. Gajeriyar hanyar ita ce a raba gudun da 3.6, amma kada ka ba su ita sai sun yi doguwar sau biyu ko uku, in ba haka ba za su haddace 3.6 ba tare da sanin asalinta ba.

Yanzu a fita waje. A auna igiya mai mita 14 da tef ɗin tela ko na magina, yara biyu su riƙe bakunanta. Ka tafa hannu, ka ƙirga daƙiƙa ɗaya, ka sake tafawa. Tsakanin tafi biyun nan mota ta tashi daga wannan yaro ta kai wancan. A ƙara wata igiyar irinta a samu mita 28, gudun 100 ke nan. Shirun da za ka ji a wannan lokaci daban yake da shirun cikin aji.

Daga nan a auna mita 50, a sa masu gudun ajin su yi tsere, ana duba lokaci da agogon waya. Wanda ya yi daƙiƙa 10 yana cin mita 5 a daƙiƙa, a ninka da 3.6, kilomita 18 a awa. Don kwatance, Usain Bolt ya yi mita 100 cikin daƙiƙa 9.58 a Balin a 2009, wanda ya kama kusan kilomita 37.6 a awa. Su lissafa da kansu su ga cewa wanda ya fi kowa gudu a duniya bai kai motar da ke bin doka a cikin gari ba.

Tambaya ta gaba ita ce wadda nake ganin ta fi kowacce daraja. A ce faɗin titi mita 7 ne, yaro kuma yana tafiyar mita 1.2 a daƙiƙa. Zai ɗauki kusan daƙiƙa 6 kafin ya tsallake. A cikin daƙiƙa 6 motar da ke gudun 50 ta ci mita 83. A auna wannan a fili, in filin ya kai. Ma'ana, motar da ta fi kusa da haka, ba a shiga gabanta.

'Yan babbar sakandare su ci gaba zuwa nisan tsayawa, wanda kashi biyu ne. Na farko tafiyar da mota ke yi tun daga lokacin da direba ya ga abu har ƙafarsa ta taka burki. Na biyu tafiyar da take yi bayan an taka. Don su ji na farkon a jikinsu, ɗaya ya riƙe rula a tsaye, ɗaya ya buɗe yatsu a ƙasanta, a saki ba sanarwa, ya cafke. Wanda ya cafke a santimita 20 ya ɗauki kusan daƙiƙa 0.2. To wannan yana jiran abin ne, idonsa a kai. Direban da ke hira ko duba waya ya fi haka nesa ba kusa ba, shi ya sa a lissafi ake ɗaukar daƙiƙa ɗaya ko fiye. Mu ɗauki ɗaya: mita 14 a gudun 50, mita 28 a gudun 100. Kashi na biyu shi ne mai ban tsoro, domin ba ya bin gudu kai-tsaye, yana bin gudu sau kansa. In muka ɗauka busasshiyar kwalta ce, taya da burki lafiya lau, motar na rage mita 7 a daƙiƙa cikin kowace daƙiƙa, to a gudun 50 za ta ja kusan mita 14, a gudun 100 kuwa kusan 55. Gudu ya ninka biyu, jan burki ya ninka huɗu. Jimla 28 da 83. Su zana wannan a takardar girafi da gudun 20, 40, 60, 80 da 100, su ga layin ya lanƙwasa sama maimakon ya miƙe. Ka tuna musu cewa da damina, kuma Jos ba ta wasa da ruwan sama a Yuli da Agusta, jiƙaƙƙiyar kwalta tana ƙara nisan sosai.

Mataki na biyar: allunan nisa da lokaci

Daga Jos zuwa Bauchi kimanin kilomita 130 ne, ana bi ta Tilden Fulani da Nabordo. Ja dogon layi a allo, Jos a wannan baki, Bauchi a wancan. A ce mun tarar da allo yana cewa saura kilomita 85 a kai Bauchi: nawa muka ci? In wani allo ya nuna garuruwa biyu a gaba, ɗaya 40 ɗaya 85, tsakaninsu 45 ne, ɗebewa ake yi. In kuwa ɗaya na gaba ɗaya na baya, tarawa ake yi. Yara da yawa suna ɗebewa duk inda suka ga lamba biyu, zanen layin ne ke warkar da wannan. In ka mai da Jos sifili, gabas ta zama ƙari, yamma ta zama ragi, ka shigar da lambobin ƙasa da sifili ba tare da hayaniya ba.

Sai lokaci. Kilomita 130 a gudun 80 awa 1.625 ne. A nan za ka kama masu rubuta "awa 1 da minti 62". Su ninka 0.625 da 60 su ga minti 37 da rabi ne. A gudun 100 kuwa minti 78 ne. Duk gudun da direba zai ƙara, abin da ya samu bai cika minti 20 ba, kuma lissafin bai sa ramuka da shingaye ba. Haɗa wannan da nisan tsayawar da suka auna a fili, ka bar su su yanke hukunci da kansu.

Ga tarkon da ko manya yana kama su. Mota ta yi tafiyar kilomita 120 a gudun 60, ta dawo a gudun 40. Matsakaicin gudunta nawa? Aji zai amsa baki ɗaya: 50. Amma zuwa awa 2 ne, dawowa awa 3, kilomita 240 cikin awa 5, wato 48. Dalili shi ne ta fi daɗewa tana tafiya a hankali.

Mataki na shida: gangara

Malamin Jos yana da gatan da na Kano ko Maiduguri ba shi da shi. Garin yana bisa tsauni, sama da mita 1,200 daga doron teku, kuma duk wanda ya taɓa bin hanyar Akwanga ya san Hawan Kibo da yadda manyan motoci ke nishi a kansa. Alamar gangara alwatika ce mai lamba a ciki, misali 10%. Tambayi yara ma'anarta, za su ce digiri 10. Ba haka ba ne. Tana nufin a duk mita 100 da aka yi gaba, hanya ta sauka ko ta hau da mita 10. Ɗaya cikin goma ke nan, kuma kusurwarta ba ta wuce digiri 5.7 ba. Gangara mai kashi 100 cikin ɗari ma ba bango ba ce, digiri 45 ce, inda hawa ya yi daidai da tafiya gaba. 'Yan babbar sakandare su tabbatar da tanjent, wato hawa a raba da tafiya gaba.

A auna ta gaske a harabar makaranta. A samu katako miƙaƙƙe mai mita ɗaya, a ɗora bakinsa ɗaya a ƙasa ta wajen tudu, a ɗaga ɗayan har ya daidaita. Don a tabbatar ya daidaita, a ɗora kwalbar ruwa a kwance a kansa a duba kumfar iskar ta tsaya a tsakiya, ko a aro siririn tiyo mai ruwa irin na magina. Sai a auna daga bakin da aka ɗaga zuwa ƙasa. In santimita 8 ne, gangarar kashi 8 ce cikin ɗari. Kowane rukuni ya auna wuri uku, ya zana wa wurin da ya fi tsanani alamarsa a kwali. Wanda ya yi wannan, in an zo darasin karkatar layi a girafi, ya riga ya san abin da ake nufi.

Sauran alamomin, a gurguje

Alamar iyakar tsayi ko nauyi ita ce hanya mafi sauƙi ta koyar da "bai wuce ba". In an rubuta mita 4.5 a gaban gada, motar da ke da 4.5 daidai doka ta yarda ta wuce, mai 4.6 ba ta yarda ba. Sai ka nuna musu yadda ake rubuta hakan da alamar ≤. Ta fuskar nauyi, buhun siminti kilo 50 ne, tan ɗaya kilo 1,000, saboda haka buhu 600 tan 30 ne. A ce gada ta ƙayyade tan 20, motar kanta tan 8 ce ba kaya: buhu nawa za ta ɗauka? Amsa 240. Masu mantawa da nauyin motar za su ce 400. Kana iya sauya simintin da dankalin Bokkos, in ka faɗi nauyin buhun da kanka.

Lambar mota tana farawa da haruffa uku na ƙaramar hukuma, kamar JJN ta Jos ta Arewa, sai lambobi uku, sai haruffa biyu. A lissafin takarda, daga 001 zuwa 999 sau 26 sau 26 ya ba da 675,324 ga kowace ƙaramar hukuma, Filato kuma tana da 17. A tambaya ana amfani da lambar ƙirƙira, ba ta motar wani ba. Danja kuwa tana ba da darasi biyu. In ɗaya tana zagayowa duk daƙiƙa 60, wata duk 90, za su sake haɗuwa bayan 180. In kore yana kamawa daƙiƙa 30 cikin 90, yiwuwar ka iso ka tarar da shi sulusi ne. A shataletale motocinmu suna zagayawa saɓanin hannun agogo, tun da Najeriya ta koma tuƙi ta hannun dama a watan Afrilun 1972, kuma ta wannan ɓangaren ake ƙirga kusurwa a lissafi. Wanda ya shiga ya fita a hanya ta uku cikin huɗu ya zagaya digiri 270.

Yadda za a cusa wannan cikin minti 40

Alama ɗaya, tambaya ɗaya, a darasi ɗaya. Minti biyar na farko a nuna alamar a karɓi hasashe, a rubuta har da na kuskure ba tare da an yi wa kowa dariya ba. Minti ashirin na awo ko yanka. A aji mai cunkoso ka kasa su takwas-takwas, kowa da aikinsa: mai riƙe tef, mai karanta awo, mai rubutu, mai duba lokaci, kuma a riƙa juyawa don kada maza su kankane tef su bar wa mata rubutu kullum. Darasin fili yana buƙatar lokaci biyu a haɗe, ka nemi hakan tun farkon mako.

Minti goma sha biyar na ƙarshe na littafin rubutu ne, kuma su ne waɗanda ba a taɓawa ko da lokaci ya ƙure. Wasu malamai kan bar yara su yi ta murna da kwali da igiya har a kaɗa ƙararrawa, a tashi ba a rubuta komai ba. A jarrabawar BECE, NECO ko WAEC babu igiya. Dole abin da aka auna ya koma lambobi da ƙa'ida, da kalmomin Turancin da za su gani a takardar tambaya. Yi bayani da Hausa ko duk harshen da yaran suka fi ji, tunda ajin Jos kan haɗa Bahaushe, Birom, Afizere, Anaguta da Ibo a benci ɗaya, sannan a rubuta da harshen jarrabawa. Nan take ka ɗauko tambaya ɗaya daga littafin darasi mai irin wannan lissafi amma babu mota a cikinta, ka ga ko sun iya ɗauke dabarar su kai ta wani wuri. In sun kasa, a sake komawa kan alamar.

Aikin gida kuma kowane yaro ya ƙirƙiro tambayarsa daga alamar da ya zana a makon farko, ya rubuta amsar a bayan takardar. Washegari a yi musaya tsakanin benci da benci. Waɗanda suka fi kyau ka ajiye su cikin leda tare da kwalayen, domin danshin damina yana cin kwali, ka fito da su lokacin bitar ƙarshen zango.